Bokitin Usta Pandeli

Duk wanda ya yi kwana biyu a garinmu ya san Usta Pandeli, Usta ɗin laƙabi ne da muke ba gwanin sana'a. In bai riƙe sunansa ba, zai riƙe bokitinsa. Bokitin ƙarfe ne da ya lotsa ta gefe guda, mariƙinsa waya ce da aka naɗe da tsumma. Da shi yake zuwa aiki, da shi yake zuwa coci ran Lahadi, ya ajiye shi a bakin ƙofa kamar jakin da zai jira mai shi. Har cewa ake yi da shi ya je wurin aurensa, amma wannan daga bakin Lefter mai gahawa ta fito, shi kuwa Lefter ko gaisuwa ya yi maka sai ka bincika.

A takardar ƙaramar hukuma, sunan aikinsa mai kula da magudanan ruwa. Mu a unguwa Ministan Lambatu muke ce masa, a bayan idonsa dai. Kada ka raina muƙamin. Garin da aka liƙa a jikin tsauni, inda rufin wani yake daidai da dokin ƙofar wani, ruwan sama ba ya sauka ya zauna. Na sama ya turo wa na tsakiya, na tsakiya ya turo wa na ƙasa, na ƙasa ya fito da tsintsiya yana zagin kakannin kowa. Rabin gabar da ake yi a garin nan, in ka tona, ruwa za ka tarar a ƙarƙashi.

Pandeli bai wuce aji huɗu ba. Yana ɗan shekara sha bakwai, zamanin gonakin gwamnati, aka kwashe su a bayan babbar mota, aka ba kowa diga, aka ce su yanka tsauni hawa-hawa kamar matakala don a dasa zaitun. Wata rana aka ce manya za su zo daga Tirana duba aiki. Shugaban ayarinsu ya sa suka baje hawa uku, suka daddale su sumul kamar tebur, don su yi kyan gani. Manya suka zo, suka yaba, suka tafi. Ruwan farko da aka yi, ya kwanta a kan teburan nan ya rasa hanyar fita, ya jiƙa ƙasar har cikinta. Kafin rana ta take, hawa ukun sun zame gaba ɗaya sun gangara kwari, har da itatuwan, da baro biyu, da tukunyar abincin ayarin. Pandeli ya tsaya yana kallon gumin wata huɗu yana tafiya. Tun daga ranar ya ƙi jinin shimfiɗaɗɗen wuri. Ko farantin miya aka ajiye masa daidai, sai ya ɗan karkata shi. Dokarsa ɗaya ce: a kowane taku, ƙasa ta sauka yatsu biyu, ta fuskanci lambatun titi.

Shekara arba'in ya yi yana yashe lambatun garin, yana toshe zaizaya da duwatsu. Da aka fito da doka cewa babu mai baje fili ko zuba kankare a jikin tsauni sai an tabbatar ruwansa lambatun titi zai faɗa ba gidan maƙwabci ba, aka turo injiniya, wata budurwa mai suna Dorina, da na'urar awonta mai ƙafa uku. Ita kaɗai ce ga gari da ƙauyuka goma sha. Sati biyu ta yi tana hawa da sauka tana haki, ta gane tsohon nan mai bokiti ya san inda kowane ɗigo yake kwana. Sai ta ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar izinin gini: in babu sa hannun Pandeli, ba ta buga hatimi. Sa hannun kuwa kamar ƙuda ya faɗa tawada ya fito yana jan ƙafa, amma babu gidan da zai tashi sai da shi.

Aikinsa ba wani boko a ciki. Aljihun rigarsa na dama kullum cike yake da dusar katako. Zai tsaya a kusurwar fili mafi tudu, ya cika bokiti, ya watsa dusar hannu ɗaya, ya tuttular, sannan ya bi ta a hankali, hannuwa a baya, kamar mai rakiyar gawa. Sau uku yake yi. In dusar ta isa lambatun titi, ya sa hannu. In ta tsaya, ko ta leƙa gidan wani, ya naɗe takarda ya miƙa wa mai ita, ya ɗauki bokitinsa. Ba ya karɓar kwalbar barasar nan tamu raki, ba ya karɓar cinyar rago, ko kwandon ɓaure ba ya karɓa.

To, mutumin da sana'arsa cewa a'a, ba a yawan gayyatarsa biki. Matarsa Ollga ce take wanke masa laifi wurin mutane, ta bi gidan da ya hana takarda da farantin byrek, gashin fulawar nan tamu, mai zafi. Shekara shida ke nan da rasuwarta. 'Yarsu ɗaya tana aure a Girka, takan bugo waya ran Lahadi ta tambaye shi ko ya sha maganin hawan jini, ya ce ya sha, ta ce to, yara na kuka. A unguwar sama, cikin gidaje sittin, goma sha ɗaya ne hayaƙi ke fita ta rufinsu. Sauran an kulle, masu su suna Italiya da Jamus suna gina wa wasu gidaje. Pandeli yakan dawo da la'asar, ya dafa wake, ya ci a tsaye, ya buɗe rediyo ba don ya saurara ba.

Mutum ɗaya ya rage masa a duniya: Sotir, tsohon direban motar hukumar gandun daji. Kumbar suke kiran juna, don Pandeli ne ya riƙe ɗan Sotir, Mihal, ranar da aka yi masa wankan coci, kuma a wurinmu wannan ya fi wani zumuncin jini ƙarfi. Kullum ƙarfe bakwai na safe suna teburin da ke jikin taga a shagon Lefter. Kowane ƙoƙon gahawa da ƙunshin sukari ɗaya yake zuwa. Pandeli ba ya shan sukari, sai ya tura nasa da yatsa zuwa gefen Sotir, shi kuwa ya zuba biyu. Shekara talatin ana haka, ba wanda ya taɓa cewa na gode.

"Minista, ina kwanan lambatu?" in ji Sotir.

"Lafiya lau suke, kumbar. Sun fi gwiwoyinka gudu."

"Jiya na ga kana magana da wani rami a bayan coci. Me ya ce?"

"Ya ce in gaya maka ka daina watsa ɓawon kankana a cikinsa, ya gane haƙoranka. Guda huɗu ne."

"Biyar! Lefter, zo ka ƙirga!"

"Ni ban leƙa bakin da raki ya kwana a ciki ba," in ji Lefter daga bayan kanta.

Minti arba'in ke nan a rana da Pandeli yake jin muryarsa tana fita, wani yana amsawa.

A watan Agustan bara Mihal ya dawo hutu da mota mai lambar Italiya. Shekara ashirin da biyu yana can yana shimfiɗa tayil. Ya ce ya gaji, zai gina gida a gonar inabin babansa da ke saman gidan, ya dawo da matarsa da 'ya'yansa biyu. Sotir ya zo shagon Lefter da sabon aski, ya saya wa kowa raki da sassafe, har da mutanen da ba ya gaisawa da su.

"Jikokina za su yi makaranta a nan, kumbar. A nan! Zan riƙa kai su da kaina."

"Da waɗannan gwiwoyin? Su za su riƙa kai ka."

Sai dai a garinmu akwai al'ada: a fara zuba kankare, daga baya a nemi takarda. Wai in abu ya riga ya bushe, hukuma ma kunya take ji. Mihal ya kawo motar haƙa, cikin kwana uku an tuge inabin, an baje hawa biyu sun zama ɗaya, an zuba kankare. Shi kuma gwanin tayil ne, ya shafe wurin da ma'auninsa har ko ka ajiye ƙwai ba zai mirgina ba. Filin ajiye mota biyu, irin na gidajen da ya saba yi a ƙasar da ba ta da tudu. Akwai tsohuwar magudanar dutse da ta ratsa gonar tun zamanin kakanni, tana kwaso ruwan tsauni ta kai shi titi. Ita ma aka binne ta, don ta ɓata layi.

Pandeli ya ji ƙarar motar haƙar daga gidansa. Kwana ukun nan bai hau ba. Ya san abin da zai gani.

Ran na biyar Sotir ya ajiye takarda kusa da ƙoƙon gahawarsa.

"Sa mana ƙudan nan naka a nan, mu wuce wurin. Yaron zai koma ran Asabar, yana so ya nuna wa matarsa hatimi."

"Sai na zuba ruwa."

"Ruwan me? Mihal ne fa. Kai ka riƙe shi yana tsala ihu, ya yi maka fitsari a rigar coci."

"Fitsarin ma gangarawa ya yi. Sai na zuba, kumbar."

Suka hau tare, Sotir yana tsayawa hutawa, bokiti yana ƙara a hannun Pandeli. Mihal ya tarbe su da murna, ya rungume shi.

"Baba Pandeli! Dubi aiki. Ko a Milano ba za ka ga irin wannan ba."

Pandeli ya duba. Fili fari fes, sumul, shafal. Ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan ta shekara hamsin da suka wuce. Ya cika bokiti a famfo, ya watsa dusa, ya tuttular a kusurwar sama. Ruwan ya bazu ya tsaya, dusar tana juyi a kansa kamar baƙon da ya rasa ƙofa. Ya zuba na biyu. A na uku, ruwan ya yanke shawara. Bai nufi titi ba. Ya lallaɓa ya bi gefen ƙasa, ya sami wata 'yar tsaga tsakanin kankare da tsohuwar katanga, ya shige. Pandeli ya sauka matakala, hannuwa a baya, su biyun suna binsa. A ƙasan katangar gidan Teta Vasilika yake, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya, ita kaɗai da kyanwa. A jikin bangon ɗakinta na ƙasa, ta tsakanin duwatsu, ga dusar katako tana fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Pandeli ya tsuguna ya taɓa bangon, ya daɗe a tsugune fiye da yadda aikin yake buƙata.

"Bokiti uku ke nan," ya ce. "Ran da tsauni ya turo nasa, bangon nan ba zai kai yamma ba."

"To me za a yi?" in ji Mihal, murnar ta bar fuskarsa.

"A fasa kankaren ta gefen sama, a buɗe magudanar kakanka. Sauran a sake shafe shi, yatsu biyu a kowane taku, ya kalli titi. Ni zan taya ka, ba sai ka nemi kowa ba."

"In fasa? In karkata filin da na auna da hannuna? Baba, da girmanka, shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, ba wanda ya taɓa gyara mini da bokitin wanki!"

"Can ba tsauni a kanka, ɗana."

"Shi ya sa kowa ya gudu daga garin nan! Ka zo da alheri, a tare ka da dusa!"

Sotir ya matso, ya rage murya. "Kumbar, dube ni. Tsohuwar nan saura mata shekara nawa? 'Ya'yanta ma sun ce za su ɗauke ta. In yaron nan ya tafi da fushi, ba zai dawo ba, na san halinsa, halin uwarsa ne. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Pandeli ya ciro biro daga aljihu. Ya dubi layin da aka bar masa. Ya tuna teburin jikin taga, da ƙarfe bakwai, da dogon yinin da ke biyo bayansa. Hannunsa har ya sauka kan takardar. Sai kyanwar Teta Vasilika ta fito ta tagar ɗakin ƙasan, ta taka jiƙaƙƙiyar dusar, ta yarfe ƙafa. Ya mayar da biron, ya naɗe takardar, ya miƙa wa Sotir. Sotir bai karɓa ba. Ta faɗi a tsakaninsu.

Mihal ya tafi ran Alhamis, bai ma jira Asabar ba.

Washegari ƙarfe bakwai Pandeli yana teburin. Lefter ya kawo ƙoƙo biyu bisa sabo, ɗaya ya huce a wurin. Kwana uku yana kawo biyu, ran na huɗu ya kawo ɗaya. Pandeli ya tura ƙunshin sukarinsa da yatsa zuwa ɗaya gefen, ya ga ba kowa, ya rasa yadda zai yi da shi, ya jefa a aljihun hagu. Sotir ya koma shan gahawa a shagon tashar mota, can ƙasan gari, wanda gahawarsa kamar an wanke tukunya. Da gwiwoyin nan nasa yake sauka ya hau kullum, don dai kada su haɗu. In suka yi kiciɓis a hanya, sai Sotir ya tsaya karanta sanarwar mutuwa da aka liƙa a jikin turken lantarki har Pandeli ya wuce.

Pandeli ya kai wa Injiniya Dorina rahoto, ta rubuta wasiƙar a gyara wurin, wasiƙar ta tafi ta kwanta a kan firjin Sotir. Pandeli ya roƙi Teta Vasilika ta kwashe kayanta daga ɗakin ƙasa, ta ce masa tun kafin a haife shi suke nan. Ya je ta hanyar hukuma da ke saman gonar, ya yi 'yar kwata da diga don ta rage ruwan da zai sauko. Iyakar abin da doka ta ba shi ke nan. Kankaren mutum ba ya taɓuwa sai da yardar mai shi.

Ruwan Oktoba ya zo ran wata Talata da hantsi, ya yi awa huɗu bai ɗaga ba. Kwatar Pandeli ta kwashe abin da za ta iya. Sauran ya sauka kan teburin Mihal, ya taru, ya bi tsagar nan da ya riga ya sani. Bangon Teta Vasilika bai faɗi ba, amma ya yi ciki, duwatsu uku suka fito, ruwa ya kai gwiwa a ɗakin ƙasa. Buhun fulawa ya tafi, kwalaben tattasai da kabejin da ta jiƙa don hunturu suna yawo kamar agwagi.

Da aka ɗauke ruwan, Teta Vasilika ta ɗebi ruwan laka a kwalba ɗaya, ta hau matakala arba'in da sandarta, ta buga ƙofar Sotir. Unguwa duka ta ji, mu goma sha ɗayan.

"Sotir ɗan Marika! Ga ruwanka na kawo maka, ya ɓata hanya ya shigo gidana. Na ji an ce kana lissafin shekarun da suka rage mini. To zauna da kyau, ni na yi wa uwarka wankan gawa, naka ma zan jira, ba na gaggawa!"

Ta dangwara masa kwalbar a dokin ƙofa, ta juya.

Kwana biyu bayan haka, Pandeli yana zaune da ƙoƙonsa ɗaya, sai ya ji ƙarar guduma daga sama. Bugu ɗaya, a huta. Bugu ɗaya, a huta. Bugun tsoho ne. Ya ajiye gahawar bai shanye ba, ya ɗauki diga ya hau. Sotir yana tsakiyar filin, riga jiƙe da gumi, ya fasa wajen taku biyu. Bai ɗago ba. Pandeli ya tsaya a ɗaya ƙarshen ya fara nasa. Kwana tara suka yi, ɗaya a nan ɗaya a can, suka tono magudanar kakanni, suka jera mata duwatsunta, suka toshe tsagar, suka kwaɓa siminti suka karkata filin. Maganar da ta shiga tsakaninsu ba ta wuce "miƙo shebur" ba. Amma Pandeli ya lura, in Sotir zai auna, yatsu biyu yake sawa.

Ran na goma ya zo da bokiti. Ya watsa dusa, ya tuttular. Ruwan ya miƙe kamar an kira sunansa, ya faɗa magudana, ya fita lambatun titi. Sau uku. Takardar nan tana aljihunsa tun ranar da ta faɗi, ya ciro ta, ya shimfiɗa a gwiwa, ya zana ƙudansa, ya miƙa.

Wannan karon Sotir ya karɓa. Ya dube ta, ya ninke huɗu.

"Mihal ya sayi gida a can," ya ce. "Hawa na uku. Makon jiya ya bugo ya gaya mini."

"Kumbar..."

"Ruwa ya bi hanyarsa, Usta Pandeli. Aikinka ya yi kyau."

Tun da aka yi wa Mihal wankan coci, Sotir bai taɓa kiransa Usta ba. Ya shiga gida ya rufe ƙofa a hankali.

Filin yana nan, fari, a karkace, babu gida a kansa, babu mota. Duk garin ba inda ruwa yake gudu da kyau kamar wurin. Teta Vasilika ta sake jiƙa kabejinta, ɗakin ƙasanta a bushe ƙamas. An ce Pandeli zai ajiye aiki bana, Injiniya Dorina tana ta neman wanda zai karɓi bokitin, ba wanda ya miƙo hannu.

Ƙarfe bakwai dai yana teburin jikin taga, a kujerar da ke kallon hanyar da ta sauko daga unguwar sama. Bakwai da kwata Sotir yakan wuce, yana jan gwiwa zuwa tasha. Kwanan baya Lefter ya rantse ya ga ya ɗan rage tafiya daidai tagar, amma ka san Lefter. Pandeli yakan bi shi da ido har ya sha kwana, sannan ya ɗauki ƙunshin sukari ya jefa a aljihun hagu. Aljihun ya kumbura yanzu, har ya fi na dusar nauyi, rigar ta karkata gefe guda.